Kurakuran da ake tafkawa da kwamfutocin ofis masu ƙirƙirarriyar basira

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sauya tsofaffin kwamfutoci a ma'aikatun gwamnati ya zama dole, kuma duk ɗan kwangilar da ya shigo sakatariya a nan Sakkwato cewa yake tasa "mai AI" ce, wato mai ƙirƙirarriyar basira.

Tun wajen saye ake yin tuntuɓe. Ganin maɓallin Copilot, manhajar AI ta Microsoft da ake hira da ita, ba ya nufin komai. Samfurin da aka fito da shi a 2024 mai suna Copilot+ PC sai yana da wani guntu na musamman, NPU, mai yin lissafi aƙalla tiriliyan 40 a daƙiƙa, da RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 16GB da ma'ajiya 256GB. A rubuta waɗannan ƙarara a takardar kwangila, a duba kafin sito ya karɓi kaya. In mai guntun Snapdragon ce, wato na kamfanin Qualcomm, a fara gwada ta da firintar ofis, don wasu tsofaffin firintoci ba sa aiki da ita.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne zaton cewa tunda basirar "cikin kwamfuta take", duk abin da aka rubuta yana nan zaune a ofis. Ba haka ba ne. Wasu ayyukan kaɗai ake yi a cikin na'urar; hira da Copilot kuwa ta intanet take bi zuwa rumbunan kamfanin. Sai ka ga akawu ya kwafi jerin albashi, da sunaye da lambobin asusun banki, ya liƙa a Copilot don a tsara masa teburi, kuma da asusunsa na Microsoft na ƙashin kansa ma ya shiga! Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan ma'aikatun gwamnati, kuma akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, da ke sa ido. Gyaran: a shiga da asusun ma'aikata kawai, a cire sunaye da lambobi kafin a tambaya. Akwai kuma Recall, mai ɗaukar hoton allo lokaci-lokaci don tuna maka abin da ka buɗe. A kwamfutar rajista da mutum uku ke rabawa, ni dai ban ga dalilin kunna shi ba.

Sai sa hannu ido rufe. Na'urar na iya ƙago lambar fayil ko sashen doka da babu shi, cikin Turanci mai santsi. Hausarta kuwa har yanzu da sauran gyara: ƙ da ɗ kan ɓace, sunaye irin Wamakko da Gwadabawa kan jirkice. Kafin takarda ta hau teburin babban sakatare, a gwada kowane adadi da fayil na asali.

Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu ba su san sabuwa ba. A ɗaga laftof daga kan tulin fayiloli don iska ta shiga, a kuma haɗa ta da sitabilaiza kafin a tayar da janareta.