Yadda Ake Binciken Rajistar Gidaje da Filaye a Gundumomin Amurka

Bahaushen da yake zaune a Amurka, idan ya ƙuduri aniyar sayen gida ko fili, yakan soma da neman takarda guda irin shaidar mallakar da gwamna yake sa wa hannu a Najeriya, wadda da zarar an gan ta hankali yake kwanciya. A akasarin Amurka babu irin wannan takarda. Abin da ake da shi shi ne tarin takardun ciniki da na jingina da na bashi waɗanda mutane suka kai ofishin gunduma aka yi musu rajista, kuma ma'aikacin da ya karɓe su ya duba ne kawai ko an cika ƙa'idar rubutu, ko akwai hatimin jami'in shaidar sa hannu, ko an biya kuɗin rajista. Bai bincika ko mai sayarwar shi ne mai gidan na gaskiya ba, domin wannan ba ya cikin aikinsa. Aikin mai saye ne, kuma a nan ne na sha ganin sababbin shiga suna yin tuntuɓe.

Matakin farko shi ne ka tabbatar da gundumar da gidan yake ciki, domin Amurka tana da gundumomi fiye da 3,000, kuma kowace tana riƙe da nata kundin. Sunan birnin da ke jikin adireshi ba ya wadatarwa. Birnin Houston ya bazu a gundumomin Harris da Fort Bend da Montgomery, Atlanta kuma tana cikin Fulton da DeKalb, saboda haka wanda ya bincika kundin da ba shi ba zai ga babu komai, ya ɗauka gidan ba shi da wata matsala. A jihohin Connecticut da Vermont da Rhode Island ma ba gunduma ce take ajiye takardun ba, ofishin magatakardan gari ne.

Daga nan sai ofishin da yake ƙiyasta darajar gidaje domin haraji. A yawancin jihohi sunansa Assessor, a Texas ana ce masa Appraisal District, a Ohio aikin yana hannun County Auditor, a Maryland kuwa hukumar jiha ce mai suna SDAT take yi wa kowace gunduma. Ka shiga shafin da yake na gwamnati ne, ka ƙyale kamfanonin da suke fitowa a saman sakamakon Google suna neman kuɗi kafin su ba da rahoto, domin abin da suke sayarwa daga nan suka kwafe shi, sau da yawa ma tsohon bayani ne. Ka rubuta lambar gida da sunan titi kaɗai, ka bar ƙarin kalmomi irin su Street ko Avenue, saboda taƙaita su ta wata hanya dabam takan sa kwamfuta ta ce ba ta sami komai ba. Abubuwa uku za ka kwafa a littafinka: lambar fili, da bayanin iyakokin fili kamar yadda yake a rajista, da lambar takardar cinikin ƙarshe. Lambar fili tana da siffa dabam-dabam. A gundumar Cook, inda Chicago take, alƙaluma 14 ce, a birnin New York kuma lambar yanki ce da ta rukunin gidaje da ta fuloti.

Kuskure mafi yawa shi ne tsayawa a wannan shafi. Mutum zai ga sunan mai sayarwa a rubuce kusa da hoton gidan, ya ce magana ta ƙare. Ofishin haraji dai so yake ya san inda zai aika takardar neman kuɗi, kuma bayaninsa yakan yi watanni bai cim ma abin da ya faru ba. Ba ya nuna jingina, ba ya nuna hukuncin kotu, wani lokaci ma sunan mamaci yakan shekara a kai. Ka ɗauke shi a matsayin ƙofar shiga kawai.

Ainihin kundin yana ofishin rajistar takardu, wanda ake kira Recorder a wasu jihohi, Register of Deeds a North Carolina, County Clerk a Texas, a Georgia da Maryland kuma yana hannun magatakardan kotu. Birnin New York yana da manhajar ACRIS wadda take nuna takardun Manhattan da Bronx da Brooklyn da Queens tun daga 1966 kyauta, amma na Staten Island suna wurin magatakardan gundumar Richmond. Ka buɗo takardar cinikin ƙarshe ka karanta ta daga farko har ƙarshe, kada ka tsaya ga layin taƙaitawa da ke cikin fihirisa. Ka lura da wanda ya bayar da wanda ya karɓa, da ranar sa hannu da ranar rajista, sannan ka gwada bayanin iyakokin fili da wanda ka kwafo, kalma da kalma, domin wannan bayanin ne yake fayyace abin da aka sayar, ba adireshi ba. Ka kuma duba irin takardar. Wadda ake kira warranty deed tana ɗauke da alkawarin mai sayarwa cewa mallakarsa ingantacciya ce kuma zai kare ta. Ita kuwa quitclaim cewa kawai take yi mai bayarwa ya sallama duk haƙƙin da yake da shi, ko da ba shi da komai. Tsakanin miji da mata ko 'yan'uwa ana yawan amfani da ita ba tare da wata matsala ba, amma idan na gan ta tsakanin baƙi biyu, ba na ci gaba sai na gano dalili. Kada farashin da ke jikin takarda ya ruɗe ka: a Texas doka ba ta tilasta bayyana kuɗin ciniki ba, shi ya sa za ka ga an rubuta dala 10 da wasu abubuwa masu daraja a kan gidan da ya kai dubban ɗaruruwa.

Yanzu aka zo wurin da aikin yake. Yawancin gundumomi da sunayen mutane suke jera takardunsu, ba da lambar fili ba, kuma fihirisar kashi biyu ce: ta masu bayarwa, wato grantor, da ta masu karɓa, wato grantee. Za ka nemi mai gidan na yanzu a cikin masu karɓa ka ga wanda ya sayar masa, sannan ka nemi wancan shi ma a cikin masu karɓa, haka za ka riƙa komawa baya. Salsala ce kamar isnadin hadisi, idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, duk abin da ya biyo baya ya raunana. Jihohi kamar Florida da North Carolina suna da dokar da ta ɗauki shekara 30 a matsayin ma'aunin nisan komawa baya, Ohio kuma 40, amma ni shawarata kada ka gaza 40 a ko'ina.

Komawa baya rabin aiki ne, kuma sauran rabin shi ne wanda mutane suke tsallakewa. Dole ne ka dawo gaba, ka ɗauki kowane mai gida ka neme shi a cikin masu bayarwa, daga ranar da gidan ya shiga hannunsa har ranar da aka yi rajistar fitarsa. A wannan tazara ne za ka ga ko ya jinginar da gidan, ko ya yanki wani ɓangare ya sayar, ko ya ba kamfanin wuta ko maƙwabci haƙƙin wucewa ta cikin filin. Wanda ya bincika da lambar fili kaɗai ba zai ga bashin harajin tarayya na hukumar IRS ko hukuncin kotu ba a wurare da yawa, domin da sunan mutum ake rajistarsu, amma suna kama gidan da yake da shi a gundumar.

Tunda komai ya rataya a kan suna, rubutun suna ya zama babban al'amari, musamman idan kana saye daga hannun mutanenmu. Muhammad yana iya fitowa Mohammed ko Mohamed ko Mahamadou, Abubakar yana iya zama Aboubacar, kuma ma'aikacin da bai san wanne ne sunan mutum wanne ne na mahaifinsa ba yakan juya su. Ka gwada kowane salon rubutu, ka juya sunayen gaba da baya, ka rubuta haruffa huɗu ko biyar na farko kawai ka bar kwamfuta ta kawo duk masu kama da su. Mace tana iya saye da sunan mahaifinta ta sayar da sunan mijinta. Idan mai gidan kamfani ne mai LLC a ƙarshen sunansa, ka nemi rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta jiha, wadda a yawancin jihohi ofishin Secretary of State ne, ka tabbatar kamfanin yana nan da rai kuma mai sa hannun yana da ikon yin haka. Idan salsala ta yanke, wato ka ga wani ya sayar alhali ba ka ga inda ya saya ba, yawanci gado ne ko rabuwar aure, kuma amsar tana kotun rabon gado ko kotun iyali. Kada ka cike giɓin da zato. Ka nemo takardar, ka ƙirga magada, ka ga ko kowannensu ya sa hannu. Haka nan a Texas ba a sayar da gidan da iyali suke zaune ciki sai miji da mata duka sun sa hannu, ko da sunan mutum ɗaya ne a takarda, Ohio ma tana ba abokin aure haƙƙin da sai ya sallama shi a rubuce.

Game da basussuka, ka raba shafin littafinka gida biyu. A dama ka rubuta kowace jingina da ka gani, da lambarta da shekararta da sunan banki. A wasu jihohi sunanta mortgage, a Texas da California da Virginia kuma deed of trust. A hagu ka rubuta takardar sakinta, wadda za ka gani da sunan release ko satisfaction ko reconveyance, kuma sai ka ga ta ambaci lambar waccan jinginar daidai kafin ka soke layin. Bankuna suna sayar wa juna bashi, don haka wanda ya saki jingina ba lallai ne ya zama wanda ya ba da rancen ba, sai ka bi takardun miƙa bashin ka haɗa su. Duk layin da ya rage babu abokinsa, ka ɗauka bashi ne mai rai har sai an nuna maka akasin haka, komai tsufansa. Ka sa ido kan bashin magina da ba a biya ba, da na ƙungiyar masu gidajen unguwa, da sanarwar da ake kira lis pendens, wadda take nuna akwai shari'a a kan gidan.

Sauran matakan ba su da wuya. Ka duba ofishin karɓar haraji ka ga ko ana bin gidan bashi, domin harajin gida yana gaban kusan kowane bashi. Idan gidan ya fito daga gwanjon haraji, ka san cewa tsohon mai shi yana iya fansarsa. A Texas shekara 2 ce ga gidan zama da gona, kwana 180 ga sauran. Ka nemo taswirar awon unguwar ka ga layukan haƙƙin wucewa, idan fili ne kuma ka biya safiyo ya kafa maka alamun iyaka kafin ka biya kuɗi. Kwafin takardu ba shi da tsada, a Texas dala 1 ce kowane shafi, da ƙarin dala 5 idan kana son hatimi, kuma tsofaffin kundin da ba a ɗora a intanet ba ana duba su a ofis a lokutan aiki.

Kafin ka rufe bincike ka duba ranar da fihirisa ta tsaya, domin takardar da aka kai jiya ba lallai ne ta bayyana yau ba, sannan ka maimaita neman sunan mai sayarwa a ranar ciniki. Wannan bincike naka ba ya maye gurbin lauya ko kamfanin tantance mallaka, amfaninsa shi ne ka janye da wuri kafin ka ba da kafin alƙalami, ko ka san tambayar da za ka yi. Akwai inshorar mallaka, wadda take biyan asara idan matsala ta ɓullo a mallakar gidan, amma wadda banki zai tilasta maka biya idan ka ci rance banki kaɗai take karewa, saboda haka ka sayi taka ta mai gida, wadda sau ɗaya ake biyan kuɗinta a ranar ciniki. Bayan an yi rajistar takardarka, ka koma kundin ka tabbatar an rubuta sunanka da bayanin filin daidai, kuma idan gundumarka tana da tsarin aiko da saƙo duk lokacin da aka shigar da takarda da sunanka, ka yi rajista da kowane salon rubutun sunan naka.