Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Gano Asalin Zinariya Daga Sinadaran Dutse

Kuskure mafi yawa yana aukuwa tun kafin samfuri ya isa ɗakin gwaji. Mai bincike kan kwashi marmara ko jar ƙasar sama ya auna, ya ɗauka ya gano yadda zinariyar ta samu, alhali ruwan sama na miliyoyin shekaru ya riga ya wanke farar wutar da ke cikin dutsen, ya mai da ma'adinan ƙarfe tsatsa, ya kuma gusar da zinariyar daga mazauninta. Ƙasar sama da ta suri suna nuna inda za a haƙa ne kawai. Maganar asali sai an huda har an kai ga dutsen da bai ruɓe ba.

Awon kansa yana yaudara, domin giram 30 ko 50 kacal ake narkawa, kuma ƙwayar zinariya guda da ta faɗa ciki tana iya ninka sakamakon. Sai a niƙe samfuri mai yawa, a gauraya, a maimaita awon.

Inda ƙwararru ma ke tuntuɓe shi ne ɗigon ruwan da ya maƙale cikin jijiyar farin dutse, wato farin dutsen da ya cike tsagar wani dutse. Idan aka yanka dutsen siriri aka sa a madubin likita, ana ganin 'yan ɗigo, da yawansu da kumfar iska a ciki, kuma ana dumama su don a ƙiyasta zafin ruwan da ya kawo ma'adinin, wanda a zinariyar irin wannan jijiya yakan kai digiri 250 zuwa 400. Amma ɗigon da suka jeru a layin tsohuwar tsaga sau da yawa sun shigo ne bayan dutsen ya ƙafe, saboda haka wanda ya auna su kafin ya tantance wanne ya riga wanne yana iya ba da labarin ruwan da bai taɓa ɗaukar zinariya ba. Awon aisotop na oksijin, wato nau'o'in oksijin masu bambancin nauyi da ke cikin dutsen, shi ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai, tunda alkaluman ruwan narkakken dutse da na dutsen da zafi da matsi suka sauya suna shiga juna.

Haka kuma, kusancin giranit, dutsen da ya samu daga narkakken dutse a ƙarƙashin ƙasa, da jijiya ba hujja ba ce cewa shi ya haifi zinariyar. Dole a auna shekarun kowanne daban. A ganina, wannan gaggawar ce ke sa a kwafo bayanin mahaƙar zinariya ta Obuasi a Gana, mai duwatsun shekara kusan biliyan 2.1 inda zinariya da yawa ke ɓoye cikin ma'adinin arsenik (wani sinadari mai guba), a ɗora wa Anka, Maru da Birnin Gwari, waɗanda babban matsin ƙasa na kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ya lanƙwasa duwatsunsu.

Wasu kuma zinariya kaɗai suke nema a takardar sakamako. A Zamfara akwai jijiyoyin da dalma ke tare da zinariya, kuma niƙa irin wannan dutse a cikin gidaje ne ya kashe ɗaruruwan yara a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ya kamata kowane samfuri a auna masa dalma da arsenik tun a zagayen farko.