Shawara ga masu zuwa kallon wasan kwaikwayo a dandali

Jama'a, in za ku kallon wasan dandali a Sakkwato, ku isa da minti 30 kafin a fara, kun yi sallar magariba. Ku nemi kujera a tsakiya, layi na 5 zuwa na 8. Layin gaba wuya kan yi ciwo don ɗaga kai, gefen lasifika kuma ƙara ce kawai, maganar 'yan wasa ba ta fita. A riƙe tsabar kuɗin tikiti, POS kan ƙi aiki in sabis ya ɗauke. Kada a kunna fitilar waya wajen ɗaukar hoto, tana kashe wa ɗan wasa ido. Lokacin hunturu a zo da rigar sanyi. Ku shirya da mai kabu-kabu ko keke tun da wuri, bayan ƙarfe 10 abin hawa wahala yake.