Yadda ake taimakon wanda zakami ya buge kafin a isa asibiti

Zakami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, yana fitowa a juji da bayan gari, da fure mai kama da kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Duk jikinsa guba ne, musamman irin da ke cikin 'ya'yan, inda sinadaran atropine, hyoscyamine da scopolamine suka taru. Ƙarfinsu ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, don haka babu wani awo da za a ce ba shi da haɗari. Sau da yawa a zoɓo ko kunu ake zuba shi, wani ma bai san ya sha ba.

Alamu sukan fara bayan minti 30 zuwa 60. Baki ya bushe ƙamas, baƙin ido ya buɗe har haske ya dame shi, jiki ya ɗau zafi amma babu gumi ko ɗigo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Daga nan sai sambatu, yana hira da mutanen da ba sa wurin, yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa. Rashin gumin nan shi ne abin lura, domin mai zazzaɓin cizon sauro ko wanda ya sha ƙwayar da ke ƙara kuzari yakan jiƙe sharkaf.

A fara neman mota, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Kafin ta zo, a kai shi ɗaki mai iska da ƙarancin haske, a kori 'yan kallo, a kawar da wuƙa da murhu, a rufe rijiya. Mutum ɗaya da ya saba da shi ya zauna kusa yana masa magana a hankali, ba gardama kan abin da yake gani. A rage masa tufafi, a shafe shi da tsumma mai ruwa ana masa fifita. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, tunda gubar ce ta hana gumi fita. Idan ya suma, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ɗauri da ɗura. Wanda aka ɗaure da igiya yana fisge-fisge, zafinsa ƙaruwa yake yi, tsokarsa ta lalace, abin ya taɓa ƙoda. Manja, madara ko ruwan tsamiya ba sa karya gubar, kuma a wannan hali suna iya zarcewa huhu. Mafi muni shi ne a ruga kemis a sayo Piriton, promethazine ko Largactil wai don ya yi barci: ta hanya ɗaya suke aiki da gubar, ƙara ta kawai za su yi.

A tafi da ragowar abin da ya sha, a faɗa wa likita gaskiya da lokacin da aka sha. A can za a ƙara masa ruwa, a yi masa allurar diazepam idan fisgar ta yi yawa, a sa robar fitsari idan mara ta cika ya kasa yi. Kada a matsa a sallame shi don ya ɗan lafa. Gubar tana rage tafiyar hanji, saboda haka tana ci gaba da shiga jini, ruɗewar takan kai awa 24 zuwa 48, dishi-dishin ido kuma ya yi kwanaki. Sai ganinsa ya washe zai hau babur ko ya tuƙa mota.