Ecdat, ata, dede: yadda Turkawa ke kiran kakanninsu

'Yan uwa da kuka sauka Turkiyya kwanan nan, musamman ɗalibai, in Baturke ya fara zancen kakanninsa ku kasa kunne sosai, rabin kalmomin kun san su tun a islamiyya, baki ne kawai ya juya su. Harafin c a wajensu j ne, to ecdat ejdat ake faɗi, wato ajdad na Larabci, jam'in jaddu. Zürriyet zuriyarmu ce sak, nesep nasaba, asıl asali, aile kuma tushensu ɗaya da iyali. Tsohuwar da nake haya a gidanta a Konya ta taɓa nuna min hoton mijinta a bango ta ce rahmetli, ban buɗe ƙamus ba na gane rahama ce, marigayi take nufi, na ce Allah rahmet eylesin, wallahi tun daga ranar take aiko min da miya.

Amma fa ecdat ba kalmar kakan gida ba ce, tana da nauyi, yawanci Usmaniyawa ake nufi, wato masu tsohuwar daular Turkiyya, irin su Sultan Mehmet Fatih da ya ci Istanbul a 1453, za ka fi jinta a bakin malamai da 'yan siyasa da masu kishin tarihin daular. Ata kuwa, ita ma kakan farko take nufi, Turkanci ne na asali, kuma bayan an bar rubutun Larabci a 1928 aka kafa hukumar harshe a 1932 an yi ta fifita irin waɗannan kalmomi a kan na aro. Daga ata aka samo Atatürk, sunan da majalisa ta ba Mustafa Kemal, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, a 1934, haka atasözü, maganar kakanni, wato karin magana. Don Allah kada ku yi wasa da ko ɗaya, zagin Atatürk laifi ne a doka tun 1951, kuma ran 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe, lokacin da ya rasu ke nan, in jiniya ta tashi kowa ya tsaya cak, kai ma ka tsaya.

Kakan gida dede ne, kaka ta wajen uba babaanne, ta wajen uwa anneanne. Inda masu Larabci ke zamewa shi ne hala, asalinta khala 'yar'uwar uwa, amma Turkawa sun mayar da ita goggo ta wajen uba, ta wajen uwa teyze ce, kuma da teyze ɗin za ka kira duk dattijuwar da ka tashi ka ba kujera a bas.