Kurakuran da 'yan hidimar ƙasa suka fi yi a lambun makarantar firamare

Tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, makarantu na cikin wuraren da aka fi tura matasan da suka gama jami'a. Wasu na ce musu 'yan bautar ƙasa, wasu su ce bauta ta Allah ce kaɗai, yaranmu kuwa "Malam Kofa" kawai suka sani. Lokaci zuwa lokaci akan samu mai zuciya a cikinsu, ya fito daga sansanin horo na mako uku da kakinsa fes, ya dubi filin bayan aji ya ce zai yi lambu ya koya wa yara kimiyya a ciki. Tunanin ba laifi. A Amurka ma akwai FoodCorps, wadda aka kafa a 2010 don tura matasa makarantu su yi irin wannan aikin. Sai dai a makarantar da nake koyarwa na ga lambun ya tashi ya mutu ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum abubuwan da ke kashe shi ba sa canzawa.

Na farko shi ne shuka ba tare da an duba kalandar makaranta ba. Ruwa ya sauka a Yuni, kofa ya ji ƙanshin ƙasa, ya tara yara aka shuka masara da gyaɗa. Ƙarshen Yuli a tafi dogon hutu, ba a dawo ba sai Satumba. Duk abin kallon, daga fure zuwa goyo, ya wuce babu yaro ko ɗaya a wurin, abin da ya rage kuma ciyawa ta cinye. Kafin ka sa iri a ƙasa, ƙirga makonnin da suka rage a zangon karatu, ka zaɓi abin da zai kai kafin a rufe. Alayyafo wata guda ya ishe shi, kuɓewa wajen wata biyu, karas kuwa sai ya kusa uku. Latas da kabeji da karas sanyin hunturu suke so. Tsakanin Maris da Mayu kada ka buɗe sabon fangali. Ka koma gwangwanaye a inuwar baranda.

Sai kwaɗayin fili. Yi lissafin ruwa tukuna. A rani, wuri mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya na iya shan lita biyar a wuni, ko fiye. Fangali goma masu faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku-uku ke nan lita 150, wato jarka shida ta mai lita 25, kullum, har Asabar da Lahadi. Wa zai ɗebo? Idan burtsatsen makaranta ya lalace fa? Fangali uku ko huɗu sun wadatar, kuma kada faɗin kowanne ya wuce mita guda, don hannun ɗan aji uku ya kai tsakiya ba tare da ya taka ba. Ka binne tulu ɗan madaidaici har wuya a tsakiyar fangali, ka cika shi ka rufe bakin. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu ya riƙe shukar kwana biyun da ba kowa, ga shi kuma tulun kansa darasi ne.

Shinge kuwa kafin iri ake yin sa. Akuya ɗaya tana share aikin wata biyu kafin a fito daga sallar Juma'a. Ƙaya ko darnin kara ya isa.

Babban kuskuren, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami, shi ne a mayar da lambu gona. Yara su yi cira, su yi ban ruwa, su kwashe shara, a ɗauki hoto a sa a rahoton CDS, wato aikin raya al'umma na 'yan hidimar ƙasa, amma ba wanda ya yi musu tambaya ko ɗaya. Wannan ai aikin da suke yi a gida ne, an dai sauya musu wuri. Abin ya fi muni idan makararru aka riƙa turawa cire ciyawa, domin daga ranar lambun ya zama wurin horo a idonsu.

Kimiyya tana farawa ne daga kwatance. Shuka alayyafo a fangali biyu rana ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya, ɗaya da taki ɗaya babu. Abu guda kawai za ka sauya. Na ga wanda ya sa wa fangali ɗaya taki, ya kuma zamana shi ne a ƙarƙashin darbejiya, ƙarshe aka rasa ko takin ne ya yi aiki ko inuwar ce ta ɓata. Kafin tsiro ya fito, kowane yaro ya faɗi abin da yake zato, a rubuta. Duk Litinin da Alhamis a zo da rula a auna tsawo da santimita, a ƙirga ganye. Wanda zatonsa bai ci ba kada a yi masa dariya, a tambaye shi me ya gani.

Wasu darussan ko fangali ba sa buƙata. Ɗaura farar leda a reshen zogale da safe, kafin a tashi za a ga ɗigon ruwa ya taru a ciki. Yara sukan ce ganye ne ke gumi, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Yanke gindin gorar roba uku, ka kifa su, ka toshe bakin da ƙyalle, ka zuba yashi a ɗaya, laka a ɗaya, ƙasar lambu a ɗaya, a ga wadda ruwa ke riga wucewa. Wanda na fi so shi ne na wake: idan ya kai mako biyar ko shida a tono gindi ɗaya a hankali, a wanke saiwar. Za a ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero, in an fasa cikinsu ja-ja. Nan ne ƙwayoyin halitta ke zama suna kamo sinadarin naitrojin daga iska. Sai ka tambayi yaran dalilin da ya sa iyayensu ke haɗa wake da gero ko dawa a gona ɗaya, ka bar su su kai ga amsar da kansu.

Akwai kuma girman kai na mai digiri. Kofa ya zo daga wata jiha, bai iya Hausa ba, ya cika allo da dogayen kalmomin Turanci, yara na maimaitawa kamar karatun aku. Alhali yaron da ke gabansa ya san bambancin rama da yakuwa tun suna ganye biyu. Ka ba su dama su koya maka sunayen, kai kuma ka ba su na Turancin. Ka kuma tambayi maigadi kafin ka zuba taki. Shi zai gaya maka ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi, sai ya ruɓe. Maganin feshi kuwa kada ya shigo inda yara ke aiki da hannu. A tsince tsutsa, a jiƙa ganyen darbejiya a yayyafa, a wanke hannu da sabulu kafin tara.

Shekarar hidima ba ta da tsawo, in ka cire sansani da hutu abin da ya rage 'yan watanni ne. Tun makon farko ka samu malami ɗaya na dindindin ku riƙa fita tare, ka kuma sanar da hedimasta da kwamitin iyaye. Bar kuɓewa biyar su bushe a jikin uwarsu, yara su ɓare su zuba irin a kwalba, su rubuta suna da kwanan wata. Ranar da za ka karɓi takardar sallama, kwalbar da littafin awon da makullin ɗakin fartanya ka damƙa su a hannun wannan malamin, a gaban yaran.