Darasi na Bakwai: Da Wane Harshe Za Ka Umarci Kwamfuta?

A ce kana da hotuna 300 a kwamfuta, kana so ka canza wa kowanne suna. Da hannu sai ka wuni kana abu ɗaya. Amma idan ka rubuta wa kwamfuta 'yan layukan umarni, kafin ka gyara zama ta gama. Da wane harshe za a rubuta umarnin? Duba irin aikin, ka duba kwamfutar da ke gabanka.

Idan Linux ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da wuya ka rasa harshen Bash a ciki, tun 1989 ake aiki da shi. Windows kuwa tana zuwa da PowerShell, wanda Microsoft ya fitar a 2006. Su biyun sun dace da ɗan gajeren aiki, kamar kwafe fayil ko jera su. JavaScript gidansa shafukan intanet ne. Perl, wanda Larry Wall ya fito da shi a 1987, gwani ne wajen tsefe dogon rubutu, sai dai alamominsa sun yi yawa. Wanda ya rubuta umarni da shi ma, bayan wata shida sai ya tsaya yana sosa kai.

Bash yana da tarko. Idan sunan fayil “hoton yara” ne, kuma ba ka kewaye shi da alamar zance ba, zai ɗauka abu biyu ne, “hoton” daban, “yara” daban. Umarnin rm na goge fayil kuma ba ya kai fayil kwandon shara, shafe shi yake yi gaba ɗaya.

A ganina, mai koyo ya fara da Python. Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, kuma yana aiki a Windows da Linux da Mac. Rubutunsa yana karantuwa. Abin da ba ya yafewa shi ne tazarar farkon layi: an saba barin gurbi huɗu, idan layi ɗaya ya kauce, sai ya ƙi aiki. Ka tabbatar Python 3 ka saka, domin an daina kula da Python 2 tun Janairun 2020. Idan ka ga darasin da ya rubuta print, umarnin nuna rubutu a allo, ba tare da baka biyu ba, tsoho ne, wuce shi.

Aikin gida: Buɗe sabuwar folda, ka kwafi hotuna biyar ka zuba a ciki. A kan kwafin za ka gwada, kada ka taɓa na asali. Rubuta umarnin Python da zai nuna sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ka kawo wa malami ya duba.